Ranar Da Baffa Ya Ƙi Ni A Banki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai mahaifina banki ya yi mini shaida ba. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba. Na yi kiwo, na bi shanu a ƙasa har kudu, na yi yaron mota, na kwana a tasha. Mota ta taɓa kifewa da ni, na fito da ƙafata na taya ciro sauran. Ban yi kuka ba. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da abin ya samu.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Dutse ta cika da ma'aikata, ɗaki ya yi wuya. Ina aikin direba a wata ma'aikata, ina zaune a ɗaki ɗaya a Yalwawa da matata da yara. Mai gidan ya ce zai yi wa ɗansa aure bayan sallah, yana son ɗakinsa. Sai aka ce akwai ƙananan gidaje a Takur, wani bankin lamunin gidaje yana saya wa ma'aikaci, a riƙa cira a albashi. Amma sai ka fara kawo kafin alƙalami, mai kauri kuwa. Albashina ko hanyar bai kama ba.

Ban roƙi kowa ba. Na dai faɗa wa ƙanena Buba da ya shigo gari. Ba a jima ba sai ga shi da ƙunshi a tsohon zanen Inna. Ya ajiye ya ce an ce a ba ni. Na ce wa ya ce? Ya ce an dai ce. Daga baya na ji Baffa (haka muke kiran mahaifinmu) ya kai bijimai kasuwa, Inna ta haɗa da karsanarta.

Ni ne ɗan fari. A rugarmu, can bayan Jahun, iyaye ba sa nuna ɗan fari nasu ne. Kunya ce. Baffa bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa sai ya ce a ce wa wancan ya kawo ruwa, ko da ni kaɗai ne a wurin. Inna kuwa da na shigo sai ta tuna tana da aiki a bayan bukka. Kakata ce ta raine ni. Haka na tarar, ban taɓa jin haushi ba. (To, ban taɓa faɗa ba dai.)

Na kai kuɗin banki. Mai kula da lamunin wani siririn mutum ne mai tabarau, Malam Sabo. Ya dubi kuɗin, ya dubi takardar albashina, ya dube ni. Ya tambayi inda na samo. A lokacin ana ta zargin direbobi da sayar da man gwamnati, don haka ban ga laifinsa ba. Na ce kyauta ce daga iyayena. Ya ce sai da shaida. Wanda ya bayar ya rubuto cewa kyauta ce, don in bashi ne ba za su ɗora mini wani a kai ba. Na ce Baffa ba ya rubutu. Ya ce to ya zo ya faɗa da bakinsa, ya dangwala yatsa. Kuma in hanzarta, masu jira sun fi gidajen yawa.

A nan na yi wautar. Da na gaya wa Malam Sabo yadda muke, da ya samo dabara tun ranar. Sai na ce a raina ofis ofis ne, kunyar ruga ba ta shiga ɗakin da ake da fanka. Har na yi wa abokan aiki cika baki, na ce ubana zai zo da kansa, su zo su ga dattijo.

Na aika Buba ya ce wa Baffa ana nemansa a birni. Ya zo a motar farko, da malafa da sanda da rigarsa ta sallah. A tasha ya gaisa da yaron mota, ya gaisa da mai shayi, ni kuwa ya wuce ni. Bai san hanya ba, amma shi ne a gaba. Ina biye ina cewa dama, hagu, kamar mai magana da kansa.

Ofishin Malam Sabo a buɗe yake, ga benci a bakin ƙofa cike da masu jira. Cikinsu har da masinjan ma'aikatarmu da Hajiya mai buga mana tafireta. An ba Baffa kujera, ya ƙi, ya tsuguna ya jingina sandarsa. Suka yi doguwar gaisuwa, har shanu sai da aka tambaya. Sannan Malam Sabo ya nuna ni da biro.

"Baba, wannan ɗanka ne?"

Baffa ya ɗaga kai ya dubi fanka. Ya daɗe yana kallonta.

"Yaron wajenmu ne."

"Ɗanka ne na ce, Baba."

"Ana ganinsa a ruga."

Aka tambaye shi sunana, ya ce Buba ya sani. Aka tambaye shi ko shi ya ba ni kuɗin, ya ce shi dai ya san an kai shanu kasuwa an dawo babu su, abin da ya biyo baya bai bi sawu ba.

Malam Sabo ya ajiye biro. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa wanda ya ɗauko hayar tsoho a tasha. Daga benci na ji masinja yana gaya wa Hajiya ashe ba ubansa ba ne. Na ga gidan ya tafi, na ga tabarmina da tukwanen matata a titi bayan sallah. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na dubi Baffa ido cikin ido.

"Baffa, ni ne fa."

Ya juya mini ƙeya, ya gyara malafa.

Malam Sabo ya gyara tabarau. Ya dubi hancina, ya dubi na Baffa (iri ɗaya ne, mai ido ɗaya ma zai gani). Can ya tambaye ni a hankali ko ni ne na fari. Na ce e. Ya cire tabarau ya murza ido, kafaɗarsa tana rawa don dariyar da yake dannewa. Ya ce in fita, in ja ƙofa, in je bakin titi in sha iska sai an kira ni.

Na fita, na ja ƙofa, amma ban je titi ba. Na tsuguna kamar mai ɗaure igiyar takalmi (silifa ce a ƙafata), na manna kunne a jikin katako. Mutanen benci suna kallona. Ban damu ba, gidana ne a ciki.

Sai na ji muryar Baffa, ƙasa-ƙasa.

"Nawa ne. Shi ne na fari."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ya ce bijiman shi ya zaɓa da hannunsa, waɗanda suka fi. Ya ce uwar yaron ta hana kanta barci sai da aka haɗa da karsanarta. Ya ba da labarin shekarar da ciwo ya kwantar da shi, na kai garke kudu ni kaɗai na dawo da shi ko ɗan maraƙi bai ɓata ba. Ni na ɗauka bai ma lura ba. Ya ce yaron nan ba ya ɗaukar abin wani, a rubuta wannan ma. Malam Sabo ya tambaya ko yana sa ran a biya shi.

"Bashi? In garken duka ya nema, nasa ne. Amma kada ka gaya masa na faɗa."

Ban san lokacin da abin ya zo ba. Ni dai na ji gemuna ya jiƙe. Ba irin hawayen nan na maza ba da ake sharewa da bakin riga. Kuka sosai, da majina, da wani sauti kamar ɗan akuya.

Ashe ƙofar nan ta ciki take buɗewa. Malam Sabo ya ja ta zai aika a kira ni daga titi, sai na tafi gaba ɗaya na zube a gaban Baffa, hulata ta gangara ƙarƙashin tebur. Benci ya kwashe da dariya. Na ce makullin mota nake nema. Hajiya ta ce Allah sarki, ga shi nan a hannunka.

Baffa bai dube ni ba. Ya goge babban yatsansa da ya sha tawada a jikin sanda, ya yi wa Malam Sabo sallama, ya tsallake ƙafata kamar itace ya fita. Na tashi na bi shi. Muka kama hanya har tasha. Sai da ya zauna a mota, ya dubi mai shayi ta taga, ya ce masa mutanen birni ba su iya ƙofa ba, ba ta da kauri.

An ba ni gidan, a cikinsa nake har yau. A ma'aikata kuwa sunana ya ɓace, har na yi ritaya Na-fari ake ce mini, masinja yana yi yana kwaikwayon kukan ɗan akuya.

Abin da na koya kaɗan ne. In ka kai irin Baffa ya yi maka shaida, ka bar masa ɗakin. In kuma an ce ka je bakin titi, ka je. In ba za ka iya ba, to ka fara duba ta ina ƙofar take buɗewa.