Salatin Matar Shef

Wautata ce, ban da abokin tarayya. Lokacin sanyi ne a Saint-Fons ta ƙasar Faransa, shekarun tamanin, na gayyaci shef ɗinmu, wato shugabanmu na masana'anta, cin abinci don ya ɗauki ƙanena aiki. Matarsa ba ta cin nama. Na ce ai sai in yi mata salati, kwaɗo ne kawai. Na yanka kabeji da tuffa da lemo, na zuba ƙuliƙuli. Da na ga kwanon ya yi tsirara, sai na watsa soyayyar fara 'yar Maraɗi, tunda fara ba nama ba ce.

Madam ta ɗago ƙafar fara a cokali, ta ƙura mata ido. Mijinta kuwa ya tuntsire da dariya, ya cinye, ya ɗauki yaron aiki.

Har yau Hajiyata, uwargidana, tana tambayata, "Malam, a wane lambu ake shuka fara?"