Ranar da Dibidi Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni, da Asabar ɗin da muka taru a gidan Anti Laraba a Sabon Gari don buɗe sizin na biyu na fim ɗinmu. Na ce fim ɗinmu ne don a lokacin ji muke kamar da mu aka yi shawarar shirya shi. Wani dogon fim ne na ƙasar waje, na sarauta da tsafi, irin wanda ake sayarwa a shagunan unguwar PZ, kashi goma sha biyu a matse cikin faifai ɗaya. Hoton na rawa, fassarar da ke ƙasa kuma ba ta san abin da 'yan wasan ke faɗa ba. Mu dai ba ruwanmu, mun riga mun kamu.

Mu huɗu ne. Akwai Anti Laraba, malamar firamare, mai falo mai faɗi da miji mai janareto. Akwai Zulai, mai ɗinki a Dogarawa. Akwai aminiyata Rahila, ma'aikaciyar jinya a asibitin Shika, wadda muka tashi tare tun muna 'yan sakandare. Sai ni, mai buga wa ɗalibai takardu a wani shago a Samaru, kuma mai dibidi. (Wannan na ƙarshen shi ne babban muƙamina. Duk Asabar nake naɗe shi a zani in rungume shi in hau mota.)

Sunayen mutanen fim ɗin sun fi ƙarfin bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Akwai Gimbiya, da mai tsaronta Dogo, da Maƙeri, da wata Tsohuwa mai tsafi. Sizin farko ya ƙare ne daidai inda Tsohuwa ta hura wa Dogo wani hayaƙi ya zama dutse, Gimbiya kuma ta tsere cikin daji. Sai kawai rubutu ya fara hawa. Zulai ta cire takalmi za ta jefi talabijin, sai da aka riƙe ta.

Watanni muka yi muna gardama a kan makomar Dogo. Anti Laraba ta ce ya mutu ke nan, Gimbiya ta yi haƙuri ta auri Maƙeri, ai mai sana'a ne. Zulai ta ce hawayen Gimbiya ne zai narkar da dutsen. Rahila ba ta hasashe, ita aikinta ihu da kuka da damƙe mini hannu har sai farcenta ya bar shaida. Ni kuwa na fi kowa yawan hasashe, kuma tun da aka fara fim ɗin ban taɓa dacewa ba ko sau ɗaya. Duk wanda na ce shi zai ci sarauta, a kashi na gaba ake binne shi. Zulai kuma duk abin da ta faɗa sai ya faru, abin ya tsaya mini a rai har na fara zarginta da leƙen faifai kafin mu taru.

Saboda haka ranar Talatar da mai faifai ya yi mini filashin cewa kaya sun iso, ni na kawo doka. Rahila tana kan aiki har Asabar, don haka ba mai kallo sai ta sauka. Muka haɗu mu uku a PZ, na sa aka naɗe bakin kwalin da salatif, kowa ta sa hannu a kai da biro, Rahila kuma ta yi nata alkawarin ta waya. Har wa'azi na yi musu a bakin shagon, ina kallon Zulai, na ce, "Wadda duk ta ci amanar Rahila, ita da Allah." Jin haka suka ce ai ni ce na fi cancanta in ajiye faifan.

Rahila ta sha wahala a makon nan. Abokan aikinta sun riga sun kalla, kullum zancen ke nan a ɗakin hutu. Sai ta riƙa cusa auduga a kunne, tana ɗaukar abincinta ta je gindin bishiya ta ci ita kaɗai. Kowace yamma sai ta turo mini saƙo: "Ƙawata, yau ma na tsira." Ni kuma in amsa mata da cewa ta daure, masu haƙuri suna tare da lada.

Na daure Laraba, na daure Alhamis, na daure Juma'a. Faifan yana saman wadirob, ni ina kan gado, muna kallon juna. Ranar Asabar da hantsi, saura 'yan awoyi a taru, sai wani tunani mai kama da na kirki ya zo mini. Idan fa faifan ya karce? Idan muka taru, aka ƙona fetur, Rahila ta zo da gajiyarta, sannan ya ƙi yi fa? Ai wajibina ne in gwada. Minti biyu kawai. Na ɗauko reza na tsaga kwalin ta ƙasa, inda babu sa hannun kowa. (Ku lura, mai niyyar gwaji ba ta neman inda ba za a gane ba. Na lura ni ma, na kau da kai.)

Minti ashirin da biyar bayan haka ina durƙushe a gaban talabijin, na cusa bakin mayafi a baki don kada maƙwabta su ji ihuna. Jama'a, fim! Aka buɗe da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga Maƙeri yana jan dutsen Dogo a amalanke. Amalanken ya faɗa rami, hannun Dogo na hagu ya ɓalle. Gimbiya ta aske kanta ta sa kayan maza. Can sai ga wani mutum cikin baƙar alkyabba ya shigo maƙera, ya ɗauki guntun hannun, ya juyo, ya fara ɗaga hular da ta rufe masa fuska. Ɗif, aka ɗauke wuta.

Da farko takaicin fuskar da ban gani ba ne ya dame ni. Sai da na danna maɓallin fito da faifai ya yi shiru, sannan na gane faifan ya maƙale a ciki. Na danna, na jijjiga, na sa wuƙa, na sa tsinken kitso, na kifa dibidin na bubbuga bayansa. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce taransifoma ce ta buga, sai dai Litinin. Na ɗauki dibidi na ruga shagon mai aski, tunda yana da janareto, ya rufe ya tafi ɗaurin aure. Na je kemis, mai shagon ya ce janaretonsa ko ɗigon mai babu. Ƙarfe biyu ta yi ina tsaye a bakin titin Samaru da dibidi a hammata, gumi har cikin ido.

Sai na tsara dabara. Na koma ɗaki na zura wani tsohon faifai a kwalin don ya yi nauyi, na liƙe ƙasan da sabon salatif. Idan an kunna janareto, ni zan haɗa wayoyi kamar kullum, in karɓi kwalin, in ba su baya, in yi kamar na sa. Wa zai sani? A cikin mota har murmushi nake yi, ina yaba wa kaina basira.

Na tarar da gidan Anti Laraba kamar ana biki. Ta dafa shinkafa da miyar kaza, ga zoɓo a jarka, ta kori yara gidan kakarsu. Zulai sai tsalle take yi tana rera kiɗan farkon fim ɗin da baki. Mijin Anti, Baban Joy, ya ce ba zai tayar da janareto ba sai kowa ta zauna, don ya san halinmu da surutu. Ana haka Rahila ta faɗo da fararen kayan aikinta, ko gida ba ta biya ba. Ta fizge kwalin daga hannuna ta manna a ƙirji tana rawa. "Kwana huɗu!" in ji ta. "Kwana huɗu ina yawo da auduga kamar mai ciwon kunne!"

Anti Laraba ta tafa hannu ta ce, "To, kafin a buɗe, kowa ta faɗi maganan ta na ƙarshe. Zan rubuta a bayan kalanda, kar wata ta zo ta canza baki."

Ta faɗi nata, Zulai ta maimaita zancen hawaye. Da a ce ina da hankali, da na ce Allah ne masani na ja bakina. Amma sai Zulai ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Ke ba sai kin wahalar da kanki ba. Faɗi wanda kike so ya rayu kawai, mu fara yi masa zaman makoki."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na gyara ɗaurin zani, na tsaya a tsakiyar falo, na lumshe ido kamar mai duba. Na ce jikina yana ba ni da ruwan sama za a buɗe. Na ce Maƙeri ne zai ɗauko Dogo, kuma a amalanke. Na ce hannun Dogo zai karye.

"Wane hannu?" in ji Zulai, tana dariya.

"Na hagu," na ce. "Daga wuyan hannu. Anti, ki rubuta."

Da na ce Gimbiya za ta yi aski, sai falon ya kaure. Zulai ta ce in Gimbiya ta aske wannan gashin, ita ma za ta aske nata. Rahila ta riƙe ciki tana cewa, "Ƙawata, yau kuma me kika sha?" Daɗi ya cika ni. Karon farko ke nan da nake magana na san ni ce da gaskiya, kuma ban taɓa jin abu mai zaƙin wannan ba. Na ji ƙarar janareto ta tashi a tsakar gida, na ji fanka ta fara juyawa, amma ina tsakiyar bayanin baƙar alkyabba, ba na jin zan iya tsayawa. Ban ga lokacin da Baban Joy ya shigo ya kwance zanin ya haɗa wayoyin ba, bawan Allah, wai taimako yake yi.

Sai kiɗan ya tashi a bayana.

Na juya a hankali. Ga ruwan sama a talabijin, ga Maƙeri yana jan amalanke. Na sake juyowa, ga Rahila zaune da kwali a cinya, salatif ɗinsa da sa hannunmu ko motsi ba su yi ba.

"Ah," in ji Baban Joy, "ashe kun riga kun sa shi."

Ni kuwa me ya fito daga bakina? Na ɗaga hannu sama na ce, "Ikon Allah!" (Har yau in na tuna wannan kalmar sai na rufe fuska, ko ni kaɗai ce a ɗaki.)

Zulai ta karɓi kwalin ta juya shi, ta ga sabon liƙi a ƙasa, ta ɓare, ta zaro faifan ta karanta abin da ke jiki da ƙarfi: "Bikin Asabe, ranar kamu." Anti Laraba ta sulalo daga kujera ta zauna a ƙasa, dariya ta hana ta numfashi, sai nuna ni take yi tana cewa, "Mai wa'azi! Mai wa'azin PZ!" Zulai ta yi guɗa ta zagaye ni sau uku. Ni ina tsaye, na rasa inda zan sa idona, ina fatan a sake ɗauke wuta, sannan na tuna janareto ne.

Rahila ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni a ina na tsaya, na faɗa mata. Ta ɗauki rimot ta ce in zauna. Haka muka kalli minti ashirin da biyar ɗin nan, duk abin da ya faru Anti ta ja masa layi a kalanda, Zulai ta yi shewa ta ce, "Boka ta faɗa!" Hannu ya ɓalle, aka tafa mini. Gimbiya ta yi aski, aka tafa mini. Da mai alkyabba ya kai hannu ga hularsa, sai Rahila ta tsayar da hoton.

"Daga nan ba ki gani ba, ko?"

"Wallahi ban gani ba."

"To, fita."

Na ɗauka wasa ne, na dubi Anti, Anti ta dubi fanka. Haka na fita na zauna a kan turmi kusa da janareto, hayaƙi na shiga mini hanci. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji ihu ya tashi a falo, muryoyi huɗu har da ta Baban Joy, wani abu ya faɗi ya fashe, Zulai tana cewa, "Ƙarya ne! Ƙarya ne!" Na ji muryar Rahila ta fi ta kowa. Na dubi hannuna, inda ta saba damƙewa, sai na ji hawaye. Tafin da aka yi mini ɗazu bai yi mini ciwon wannan ba.

Da kashin ya ƙare ta fito da faranti biyu, ta miƙo mini ɗaya, ta zauna a gefena. Na fara ba da haƙuri ta katse ni.

"Ni ba fim ɗin ne ya dame ni ba," in ji ta. "Da shi nake so, da na kalla a wurin aiki tun Laraba. So nake mu yi ihun tare."

Na ce ta yafe mini, ta ce ta yafe, ta ce in ci abinci kafin ya huce. Muka hau ci. Da na ga fuskarta ta saki, sai na matsa kusa na rage murya na ce, "Don Allah, ƙawata, waye a cikin hular?"

Ta gama tauna naman bakinta, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ki yi hasashe mana."

Tun daga ranar, duk inda aka taru za a kafa doka, a ofis ne ko a taron biki, in na ji muryata ta fi ta kowa tashi, sai in nemi kujera in zauna, in ce a ba wata ajiyar.