Yadda Za Ka Ƙi Gyara Robo Don Ta Riƙa Kawo Maka Shi

"Habu, ga abinka ya sake hawa mini hijabi," in ji Najiba.

"Ikon Allah," in ji Habu, ya karɓa da hannu biyu.

Ɗan'uwa, wannan "ikon Allah" ilimi ne, kuma da idona na ga amfaninsa a ƙungiyar masu ƙera robo (ɗan inji mai tafiya da kansa) ta lisenmu, wato sakandare, a garin Madawa. Bi matakan Habu, na yi maka alkawari wadda kake so za ta riƙa zuwa gabanka da ƙafarta.

1. Samu ciwo mai albarka

An ƙera robon don ya bi baƙin layi a kan farin daɓe a gasar da za a yi a birnin Tawa. To, duk baƙin da idonsa ya gani, layi ne a wurinsa. Najiba, mai haɗa wayoyinsa, hijabinta baƙi ne har ƙasa. Ka sake shi daidai tana giftawa. Sauran aikin na zuciya ne, da batir.

2. Ka san maganin, ka haɗiye

Kai ke rubuta masa umarni a ordinatar, wato kwamfuta. Layi siriri ne, hijabi mai faɗi. Koya masa bambancin bai kai shan shayi ba. Kada ka kuskura. Masana sun ce likitan da ya yi saurin warkarwa, shi ake fara daina gaisarwa.

3. Ɗora wa rana laifi

Shugaban ƙungiya, Alhusaini, zai tsare ka: "Mutum biyu kaɗai Mushe, malaminmu, zai ɗauka zuwa Tawa, abinka kuwa har yau mata shika bi. Mi kake jira?" Dafe goshi. Ka ce hasken ranar ƙasarmu ta Adar ya fi ƙarfin kayan Turawa. Gobe ka ce yashi ne.

4. Yi shiru mai ma'ana

In ta miƙo shi, kada ka furta komai. Dubi taya, ka yi ajiyar zuciya. A ranka kuwa kun riga kun shiga motar Tawa, tana gefenka, gonakin albasa na wucewa, idonka na ƙwalla. Ba ta san da tafiyar ba tukuna. Ba laifi.

5. Kada ka tafi sayen ƙosai

Wannan ne Habu bai kiyaye ba. Ya dawo ya iske Najiba a kujerarsa, robo na bin layi tiryan-tiryan, ya wuce ƙafarta ko waiwaye babu.

"Ashe ɗan wannan ne ya gagare ka tun damina?" ta ce, da tausayi. "Ai da ka tambaye ni, bawan Allah."

Gargaɗi

Alkawarina shi ne za ta zo, kuma ta zo. Abin da ya biyo baya babu hannuna ciki, naka ma kada ka neme ni. Ni tsaye kawai nake ina share wa Habu hawayen da bai zubar ba, Mushe ya tafa hannu ya ce:

"To, magana ta ƙare. Najiba da Alhusaini za su Tawa. Habu, kai ka riƙe mana makullin aji."