Bokitin Ruwan Elbe

Wani ne a Hamburg, ya shekara da shekaru yana tuƙa motar kabeji, rana ɗaya ya ce shi ma teku yake so. Aka ɗauke shi aiki a jirgin Kyaftin Hinnerk mai dakon katako.

Ranar tashi ya leƙa gefen jirgi, ya ga zanen da ke nuna iyakar lodi a jikin jirgi ya shige cikin ruwa. Ya kwasa a guje.

"Kyaftin! Muna nitsewa!"

"Kai direban kabeji, rufe mana baki," in ji Hinnerk. "Ruwan kogin Elbe ne, ba gishiri, shi ya sa jirgi ya zauna. Muna shiga teku gishiri zai ɗaga shi."

"Au, gishiri ke ɗaga jirgi?"

"Shi fa. Yanzu sufeto zai zo ya auna ruwan. In bai gamsu ba sai an sauke katako, ni kuma mai jirgi ya sallame ni. Ɗauki bokiti ka ɗebo masa."

Mutumin naka, da yake Allah ya hore masa basira, nan take ya gane zancen sarai. Ya ɗebo ruwa, ya ɗanɗana, ya ji salam. Tausayin kyaftin ya kama shi. Sai ya biya ta kicin wajen kuku.

"Inna Wiebke, a taimaka da gishiri."

"Na ƙwai?"

"Na jirgi."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta nuna masa buhun da take gyaran kifi da shi, ta ci gaba da ferayar dankalinta. Ta ga iri-iri a jirgin nan.

Sufeto ya iso, ya tsoma ma'auninsa na gilashi a bokiti, irin wanda ke nitsewa a ruwan daɗi ya taso a na gishiri. Abu ya ƙi shiga. Ya danna shi da yatsa, ya yi tsalle ya dawo sama ya kwanta.

"Kyaftin, in a ruwa mai gishiri haka zanenka ya ɓace, to lodinka ya wuce hankali. A sauke katako."

Hinnerk ya dafe kai. "Haba sufeto! Elbe ne fa, shanu na sha!"

"Wane shanu? Ruwan nan ko anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ka jefa sai ta taso."

Mutumin naka ya washe baki, ya zunguri kyaftin da gwiwar hannu.

"Ka ji ko? Kuma rabin buhu kawai na zuba."