Rasuwar Goggo, Sabar Ofishinmu Mai Jiran Mari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannun da ya rasa abin mari, ni mai kula da kwamfutocin wannan maɗaba'a nake sanar da rasuwar Goggo, babbar kwamfutar da ke riƙe da dukan fayilolin ofishinmu, wadda masana ke kira saba. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Katin biki, kalanda, takardun jarrabawa, babu wanda ta taɓa fallasawa. Ta yi zamanta a ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala, fanka ɗaya a gabanta, ba ta taɓa neman ƙari ba. In tana cikin nishaɗi ka ji "wuuuu", in an lafta mata aiki ta koma "kar-kar-kar". Aibinta ɗaya ne. In aka kashe ta, ba ta tashi sai an mare ta sau biyu a gefen hagu da zarar an kunna, sannan ta ce "tiit". Ban taɓa rubuta wannan a ko'ina ba. Gaskiya, na ɗauka shi ne yake riƙe mini kujerata.

Ciwon ajalinta ya fara ne da manaja ta dawo daga wani taro da sabon tsari. Aka miƙa aikin kwamfutocinmu ga wani kamfani na masu gyara daga nesa, waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Suka yi wata biyu suna kwashe fayilolin Goggo zuwa rumbunsu na intanet. Da suka gama, manaja ta kira ni.

"Malam, ka gaji," in ji ta. "Je ka huta mako guda."

Na gane so ake a ga ko ofis zai tafi ba ni. Na fita ina dariya a ciki. Ranar Talata mutanen nesa suka kashe Goggo don su sake kunna ta. Ta jira hannu, hannu bai zo ba, fitilarta ta yi ja ta mutu.

Ni kuwa ina gida, waya a tafin hannu, har matata ta ce, "Wai budurwa ka yi ne?" Ba wanda ya kira. Da na dawo ranar Litinin, mai shara ce kaɗai ta tare ni da labari: "Ni dai na ji ɗakin ya yi tsit, na zaci ka gyara ta ne." Kwana shida Goggo tana kwance, aiki na tafiya, har ana cewa ya ƙara sauri. Na mare ta sau biyu, na ƙara biyu. Wannan karon na yi hawaye.

Marigayiya ta bar firinta biyu, fanka ɗaya da ba ta san an yi rashi ba, tana ta juyi, da tarin wayoyin da babu wanda ya san inda suka nufa. Ta kuma bar ni.

Za a fito da gawa ranar Alhamis da ƙarfe goma, ta ƙofar baya, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira da motarsa. Ana roƙon masu ɗauka su tausaya wa gefen hagu. Masu ta'aziyya za su same ni a ɗakin ƙarƙashin matakala, amma su hanzarta. Manaja ta ce kujerar tawa ce har ƙarshen wata.