Ranar da Aka Jawo Ni Daga Bayan Labule

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama munafukin garinmu Madawa ba. Lokacin ban daɗe da dawowa daga jami'a a Yamai ba, ina koyarwa a lakwal, wato makaranta, kowa na kirana Mushe ("malam" ke nan da Faransanci).

Shekarar da ta gabata matasan unguwarmu sun yi wasan kwaikwayo na ɗan leƙen asiri, gari ya ɗauka. Sai suka ce ni mai ilimi in rubuta kashi na biyu, in ya yi kyau a kai shi gasa a Tawa. Sati uku ina rubutu ina gogewa. A ganina (kuma har yau, wataƙila, ina da gaskiya) aibin kashi na farko shi ne tun daga fari kowa ya san maci amanar. Saboda haka na ɓoye shi sai ƙarshe.

Abin da ban lura ba, mutanenmu ba kallo kawai suke zuwa ba. Zuwa suke su zagi mugu, su riƙa yi wa jarumi ihu: "Yana bayanka!"

Ranar wasan, bayan la'asar, fili ya cika. Sule tela, jaruminmu, yana ta bincike, jama'a shiru. Ni kuwa ina bayan labule da tabarau da littafi, ina raɗa masa abin da ya manta. Can wata tsohuwa mai ƙosai ta miƙe.

"Wai ina mugun? Wa munka zo zagi?"

Sai ta hango ƙafafuna.

"Ga ya can ɓoye, yana rubuta sirrinka! Kama shi, Sule!"

Fili ya ɗauki ihu. Na raɗa masa, "Kada ka kuskura." Ya ce, "Mushe, yi haƙuri, jama'a sun gane ka." Ya jawo ni da wuyan riga, ya kayar da ni gaban ɗalibaina da iyayensu (tabarau ya yi gabas, ni yamma). Ban taɓa jin tafi irin wannan ba.

Mun je Tawa, a kan sharaɗin a sake kayar da ni. Na yarda, amma ban canza ko layi ɗaya a rubutuna ba, kuma ba zan canza ba.

Abin da dai na koya: in za ka yi kashi na biyu, maido wa mutane wanda za su zaga. In ka hana su, kai za su zaɓa.