Baitin da na yi wa Kawu Sale a Doha

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na rera waƙa a Doha ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawa ba ne.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a Ingila. Kaɗaici ne ya kai ni ƙungiyar mawaƙan makarantar, waɗanda ke haɗuwa da masu kiɗan jaz su yi wasa tare. Muryata ba wata ta a-zo-a-gani ba ce (a gida ko kiran salla ba a taɓa ba ni ba), amma ranar da shugaban ƙungiyar, wani dattijon Bature da muke kira Farfesa, ya ji cewa ina da yaren da babu mai ji, sai idonsa ya kawo haske. Ya ware mini wuri a tsakiyar wata doguwar waƙa. Masu busa za su lafa, mai ganga ya rage hannu, ni kuma in fito gaba da babbar riga in rera wani abu da Hausa.

Na tambaye shi me zan ce. Ya kaɗa hannu ya ce, "Komai ma. Sautin muke so."

Maganar ta yi mini ciwo, amma ban fasa ba, domin an ce za a fita yawon wasa ƙasashen waje. To tunda sauti ake so, na ba su sauti. A Istanbul na rera yadda sanƙon Farfesa ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila, aka tafa. A Maskat na yi wa mai fiyano baiti a kan warin safarsa, wata mata a layin gaba har da share hawaye. Na fara jin kaina wani shege.

Muna sauka Doha wayata ta fara ruri. Kawu Sale ne, yayan mahaifiyata, wanda ya daɗe yana tuƙi a wani kamfani a can. Shi ya sayar da filinsa aka cika mini kuɗin tafiya karatu. Ya kira ya sake kira, ya turo saƙon murya: "Ɗana, an ce kana gari. Ka zo unguwarmu Najma ka ci tuwo, ɗakinmu ba shi da wuyar ganewa." Ban ɗauka ba, ban amsa ba. Ina kunyar ya san waƙa nake yi, ina kuma kunyar Turawan nan su ga inda kawuna yake kwana. Na ce a raina in mun tashi na ce masa layi ne ya ƙi.

Aka cika ɗakin taro. Fitilun dandamali sun haske mini ido, ban ga kowa ba sai duhu. Masu busa suka lafa, na matso gaban makirufo, na gyara hannun riga. Na fara da sanƙon Farfesa kamar kullum. Sai na ji dariya daga can baya. Wallahi na ji ta, amma na ɗauka salon muryata ne ya burge su (kun ga irin wayon nawa). Daɗi ya kwashe ni, na ce bari in ƙara sabon baiti na garin da muke ciki. Na ja murya na rera:

"Kawuna direba yana ta kira, ni kuwa na ƙi ɗagawa. Wai in je Najma in ci tuwo, a ɗakin da ake kwana gado kan gado."

Har da maimaitawa, saboda mai ganga ya ji daɗin tafiyar.

Dariyar nan ta ɗauke ɗif. Daga cikin duhun wata murya ta ce da ƙarfi, da Hausar Katsina tsantsa, "Kai, yaro! Ka ji tsoron Allah!"

Sauran waƙar ban san yadda ta ƙare ba. Da aka kunna fitilun ɗakin na hango su: layi biyu cur na 'yan Arewa, wasu da kayan gadi a jikinsu, wasu da kaftani sabon guga. A tsakiyarsu Kawu Sale, da hularsa ta zuwa Idi, wayarsa a ɗage yana ɗauka ta a bidiyo. Ashe direban motar da ta kwaso mu daga filin jirgi abokin ɗakinsa ne, shi ya kai labari. Kawu ya roƙi mai gidan aikinsa hutun yini, ya bi ɗaki-ɗaki yana gayyata, wai ɗan ƙanwarsa mai karatu a Ingila zai yi wasa.

A bayan dandamali Farfesa ya rungume ni. Ya ce bai taɓa jin na rera da zuciya ɗaya irin ta yau ba, har 'yan ƙasata sun kasa daurewa sun amsa. Ya ce lallai in riƙe wannan baitin.

Na fito ina neman ƙofar da zan sulale, na yi kiciɓis da Kawu a bakin mota. Na durƙusa a kan kwalta da babbar rigata.

"Kawu, don Allah..."

"Tashi, kada ka ɓata rigar mutane," ya ce. "Yalla, shiga mu je. An riga an tuƙa tuwon."

Haka na shiga. Muka kama hanyar Najma. Ɗakin kuwa yadda na faɗa yake, gado kan gado, kaya rataye a ƙusa. Sun shimfiɗa sabuwar leda a ƙasa, sun yi miyar kuka da naman rago, har da lemo a cikin ƙanƙara. Aka sa ni a tsakiya. Wani mai gadi da ake kira Malam Hadi, wanda na gane muryarsa ce ta yi mini tsawa a ɗakin taro, ya ƙi zama, ya ɗauki takalminsa ya fice.

Na kasa kai loma. Kawu ya turo mini kwanon.

"Ci mana. Ɗakin ne ƙarami, tuwon ba shi da laifi."

Da zai mayar da ni masauki ya miƙo mini wayarsa ya ce in goge bidiyon da hannuna, shi bai iya ba, kuma ba ya so ya tura wa mahaifiyata bisa kuskure. Har yau bai faɗa mata ba. Da ya zage ni, ko ya kai ƙarata gida, da na samu sauƙi. Muna gaisawa duk Juma'a, yana tambayar aiki, yana sa albarka, amma bai ƙara ce mini ɗana ba. Sunana yake kira, kamar kowa.

Ƙungiyar na bar ta muna komawa. Na ji an samo wani ɗan Habasha ya maye gurbina, Allah ya sa shi ma ba shi da kawu a Doha.

Yanzu duk inda na shiga a duniya, ko cikin lif ne, kafin in buɗe baki da Hausa sai na yi sallama da ƙarfi na saurara. Kusan kullum sai an amsa.